Metir, ka miƙa makullin tun kana raye

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Duk wanda ya saba zuwa zaman makoki a Yamai ya san wannan. In babban lauya ya rasu, irin wanda Allah ya buɗa wa kuma ya ba shi sakin hannu, rumfa kan kasu biyu. A gaba, kan kujeru, abokan aikinsa ne da alƙalai da manyan ƴan kasuwa. Can gefen tabarma kuwa, kusa da inda aka jibge takalma, akwai waɗansu mutane da ba su cika magana ba: baduku mai kanta a yatsu saboda basilla, marini da shuɗin baba bai gama fita daga faratansa ba, tsohon magini, da malamin da ke zayyanar allo. Su ne za ka ji suna faɗi ƙasa-ƙasa, "Metir ya riƙe mu." Shi ya ba su gidan da suke aiki, shi ke biyan kuɗin wuta, shi ya sayo keken ɗinkin fata, shi ke ciyar da yaran da ke koyo.

Sai kwanaki su shuɗe, a zauna rabon gado. A ɗauko takardu, a tarar gidan nan na masu sana'a da sunan mamaci yake har yanzu, makullinsa ɗaya ma yana cikin aljihun teburinsa. Magada ba su yi zalunci ba in sun ce a sa shi cikin dukiya, shari'a ce ta ba su. Kafin damina ta zagayo an garƙama kwaɗo a ƙofa, baduku ya koma gindin bishiya, yara sun watse. Mutumin da ya shekara 30 yana rubuta wa jama'a takardun da ke tsare musu dukiya, alherin kansa bai rubuta ba, bai kuma miƙa ba.

Wannan nasiha taka ce, Metir, kai da kake raye, da duk wanda Allah ya hore wa yake son masu sana'ar hannu da masu fasaha.

Kafin maganar bayarwa akwai maganar inda kuɗin suka fito. Malamanmu na fiƙihu wakili suke kiran lauya, wakilci kuwa halal ne, ladansa ma halal ne. Tsaya wa mai rauni a gaban alƙali aikin lada ne, har wanda ya yi laifi yana da haƙƙin a tsaya masa don kada a ɗora masa abin da ya wuce laifinsa. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ana kawo masa ƙara, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yanke hukunci bisa abin da ya ji. Duk wanda aka yanke wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, guntun wuta ne aka yanka masa. Iya tsara hujja shi ne sana'arka, Metir. Kuma a Suratun Nisa'i, aya ta 105, Allah ya hana mutum ya zama mai husuma domin maha'inta.

Datti yakan shiga dukiyar lauya ta ƙofofin da kai ka fi mu sani. Akwai kuɗin mai ƙara da suka biyo ta hannunka, diyya ko rabon gado ko bashin da aka karɓo, waɗanda wurinsu asusun CARPA ne, wato asusun ƙungiyar lauyoyi da ake ajiye kuɗin masu ƙara a ciki, sai su kwana a aljihunka da sunan za a mayar. Akwai jan shari'a, a yi ta neman ɗage zama don lada ya ƙaru, ko a karɓi kuɗin talaka a ajiye dosiyensa ƙura na hawa, alhali kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai kuma abin da ake turawa da sunan na goro don hukunci ya karkata, an kuwa la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Muslim ya ruwaito cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki. Gidan masu sana'a da aka gina da irin waɗannan kuɗi ba ya goge su. Gyaran shi ne ka ware mako guda ka buɗe tsofaffin dosiye, ka rubuta suna da adadi, ka mayar wa mai haƙƙi, in ya rasu ka ba magadansa. Wanda ka nema da gaske ba ka samu ba, ka yi masa sadaka da kuɗin a madadinsa, ba tare da sunanka ya fito ko'ina ba. Abin da ya rage bayan nan shi ne naka, da shi za mu yi magana.

Waɗansu na ganin taimakon mai sana'ar hannu abin sha'awa ne kawai na masu kuɗi, sadaka ta gaskiya sai masallaci da rijiya. Wannan ƙarancin sani ne. Annabi Dawuda, alaihis salam, Allah ya tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke, kuma Bukhari ya ruwaito cewa daga aikin hannunsa yake ci. Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya masassaƙi ne. Mumbarin masallacin Madina kafinta ne ya yi shi. Alƙur'anin da kakanninmu suka karanta, wani ne ya fiƙe alƙalami ya dafa tawada ya rubuta, wani ya yi zayyana, baduku ya ɗinka gafaka. Dubban rubuce-rubucen Larabci da Ajami da ke ajiye a cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai sun iso gare mu ne don an sami masu rubutawa da masu tattarawa irin su Boubou Hama, wanda gidan tarihin ƙasa da aka kafa a 1959 ke ɗauke da sunansa.

Mutanen jihar Tawa ba sa bukatar a je da su nesa. A garin Yama, a 1962, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa. Jama'ar gari suka kawo abin da kowa ke iyawa, wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace. Daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi 4, kowace da irin surarta, kuma a 1986 ginin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Ana salla a cikinsa. Da a ce babu wanda ya gaji ilimin ɗaura azara da murɗa bakan gizo, wa zai gyara shi ranar da ya tsage? Wanda ya ciyar da ɗan koyon gini shekara 3 har ya ƙware, ya shiga cikin abin da hadisin Abu Huraira ya ambata na ilimin da ake amfana da shi bayan mutuwa.

Iyaka kuwa tana nan. Malamai ba su yarda da sassaƙa cikakkiyar surar mai rai ba, kuma ba a ba da dukiya ga waƙar batsa ko zambo. Maganar kayan kiɗa malamai sun daɗe suna saɓani a kanta, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Sai dai tsohon mawaƙi da ya makance yake kwance babu kuɗin magani miskini ne, kai masa hatsi da biya masa asibiti ba ya jiran a gama waccan muhawara. Abin tsoro yana wani wurin: ranar biki, maroƙi ya kama sunanka da na kakanka, ka tashi kana liƙa masa jika goma-goma jama'a na kallo. Wannan sayen yabo ne. Miƙdad ya ruwaito umarnin a watsa ƙasa a fuskar masu yawan yabo, kuma cikin mutum 3 da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama akwai mai dukiya da ya bayar don a ce shi mai kyauta ne, za a ce masa ai an faɗa. Duk mai riƙon masu fasaha yana kusa da wannan rami fiye da kowa, don mutanen da yake taimako su ne suka fi kowa iya yabo.

Ka raba zakka da sadaka, asusu daban, littafi daban. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinariya, ko dirhami 200, kimanin giram 595 na azurfa. In kuɗi sun kai haka suka shekara, ana fitar da kashi 1 cikin 40. Mai miliyan 20 na sefa zai fitar da jika 500. Waɗannan kuɗi na rukunin mutane 8 ne da Suratut Tauba ta lissafa a aya ta 60. Ba a kama zauren baje koli da su, ba a buga littafi, ba a ba da kyautar gasa, ba a gina wurin aiki, ko masallaci ma ba a ginawa da su. Amma maƙerin da sana'arsa ba ta ciyar da gidansa matalauci ne, ana danƙa masa a hannu ya zama mallakarsa. Malikiyya sun yarda a ba shi abin da zai ishe shi shekara, Shafi'iyya kuma sun ambaci a ba mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya bi baduku bashin jika 100, ya ga ba zai iya biya ba, sai ya ce na yafe maka a matsayin zakkata. A mazhabarmu wannan bai isar ba, zakkar tana nan a wuyanka.

Taimakon da ya fi tsare mutunci shi ne ciniki na gaskiya. Ka shiga ƙauyen masu sana'a na Wadata ka tsaya kan baduku, ka dubi jakar da ke hannunsa. Fatar jar akuyar Maraɗi ce. Kafin ta iso gare shi majemi ya jiƙa ta da toka, ya kankare gashi, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, ya shafe ta da mai, ya murza har ta yi laushi, aka rina ta ja da karan dafi. Shi kuma ya auna, ya yanka, ya tsaga sirarin zaren fata, yana huda da basilla yana ja, ɗinki bayan ɗinki, kansa a sunkuye tun hantsi. A ce ya yi maka kuɗi jika 15, ka taya jika 6, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka don babu cefane a gida. Kada ka yi haka sannan da yamma a ji ka ba da jika 200 a wani taro. Ka biya abin da aikin ya cancanta, a ranar, a hannu. A hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, cikin waɗanda Allah da kansa zai yi husuma da su akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, bai ba shi ladansa ba.

In aiki za ka sa a yi maka, misali jakunkuna 50 na wani taro ko tabarmin Madawa na masallaci, ka rubuta adadi, da girma, da irin fata ko kaba, da launi, da ranar kawowa, ka kuma ajiye samfur guda da ku biyu kuka yarda da shi. Rigimar da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ce: an ba da kuɗi gaba ɗaya, rashin lafiya ko hidimar salla ta cinye su, lokaci ya yi babu kuɗin sayen fata, mai sana'a ya fara ɓuya, zumunci ya lalace. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kai ka sayi kayan aikin, shi kuma ka ɗauki aikin hannunsa da lada. Wannan ijara ce, ana iya biyan ladan kashi-kashi, duk jaka 10 da ya kawo ya karɓi nasu. In kuma rance ka ba shi, ka rubuta kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umarni, ka karɓi daidai abin da ka bayar. Takalmin da zai kawo maka kyauta saboda bashin, ko ragin da zai yi maka don kunya, ka ƙi su, don rancen da ya jawo amfani riba ne, wato kuɗin ruwa da aka haramta. In ya shiga ƙunci ka jinkirta masa.

Akwai sadakar da kai kaɗai ke iya ta, attajiri ba ya iyawa, ita ce alƙalaminka. Marubuci ko mawaƙi ko mai zane yakan sa hannu a takardar Faransanci da bai karanta ba, ya sayar da haƙƙin aikinsa duka har abada da kuɗin da ba su kai na rago ba. Ka ware yini guda a wata, ƙofarka a buɗe, kyauta. Ka karanta musu yarjejeniya da Hausa ko Zabarmanci, ka nuna musu wurare 4 da ake cutarsu: shekara nawa aka ba da haƙƙin, a waɗanne ƙasashe, ta wace hanya za a yi amfani da aikin, kuma kashi nawa ne nasu a duk abin da aka sayar. Ka raka su su yi rajistar ayyukansu a BNDA, hukumar da ke kula da haƙƙin masu fasaha. Masu sana'a da ke aiki wuri guda ka rubuta musu dokokin ƙungiyar haɗin gwiwa. A dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama, mutum 5 sun isa kafa mai sauƙin tsari, mai majalisar gudanarwa kuwa sai 15. Da ita za su buɗe asusu, su karɓi babban aiki, su kuma iya riƙe dukiya da sunansu, wannan kuwa zai yi maka amfani nan gaba kaɗan. Tambari da zanen kaya ana tsare su ta OAPI, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta Afirka da ke Yawunde, wadda ta riga ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista. Masu jima da masu saƙa ba su san wannan ƙofa ba sai an kai su.

Yanzu ga maganar gidan nan da aka garƙame.

Asalin waƙafi, wanda littattafanmu ke kira hubusi, shi ne ƙasar da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar. Ya nemi shawara, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce masa in ya so ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya yi haka, bisa sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Kowa na son wannan lada. Abin da ake mantawa shi ne sharaɗin da ke cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukanmu: kyauta da sadaka da hubusi ba sa cika sai an karɓe su daga hannun mai bayarwa. In ya mutu ba a karɓa ba, sun zama gado. Niyyarka ta shekara 20, da faɗin da ka yi a gaban abokai cewa gidan nan na masu sana'a ne, duk ba su hana wannan hukunci.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya ba ƴarsa Nana A'isha kyautar dabino wasƙi 20 (wasƙi babban ma'auni ne na awo) daga gonarsa. Da ajali ya matso ya ce mata da ta riga ta girbe ta karɓa da ya zama nata, amma yau dukiyar magada ce, a raba bisa littafin Allah. Siddiƙu ke nan da Uwar Muminai. To ina ga baduku da ba shi da ko takarda?

Karɓa kuwa tana da ma'ana. Mai waƙafi ya fitar da kayansa, ya miƙa makulli, wani ya shiga yana gudanarwa. A mazhabar Malik in ka sharɗanta cewa kai ne za ka ci gaba da zama mai kula, waƙafin ya ɓaci. In ka miƙa sannan ka dawo kana amfani da gidan kafin shekara ta cika, mutuwa ta riske ka a haka, ya ɓaci. In bashin da ya cinye dukiyarka ya riga waƙafin, masu bashi ne a gaba. A nan ne manyan mutane ke faɗuwa, don sakin iko ya fi sakin kuɗi wuya. Lauya ya saba komai sai ya bi ta teburinsa, sai ya riƙe ɗaki guda a baya yana ajiye dosiye, ya riƙe littafin haya, ya ce ai ba su iya lissafi ba tukuna.

Mazhabar ta kuma yi sauƙin da mutane ba su sani ba. Ba dole sai gida ko gona ba: keken ɗinki, da uwar maƙera, da littattafai, duk ana waƙafinsu, har da tsabar kuɗi da za a riƙa ba masu sana'a rance suna mayarwa. Ana kuma yin waƙafi na ƙayyadadden lokaci. Wanda ke tsoron halin da iyalinsa za su shiga yana iya cewa shekara 10 ko 20, bayan nan gidan ya koma gare shi ko ga magadansa.

Takardar waƙafi ta faɗi abin da aka tsare da iyakokinsa ta gabas da yamma da kudu da arewa. Ta faɗi waɗanda za su amfana da siffarsu, misali dukawa da masaƙa masu koyar da yara, don in ka rubuta sunan mutum ɗaya, ranar da ya rasu an shiga ruɗani. Ta faɗi mai kula, da ladansa, da wanda zai gaje shi, da yadda za a sauke shi in ya ci amana. Kuɗi kada su fita sai da sa hannun mutum 2, kuma sau ɗaya a shekara a karanta lissafi a gaban masu amfana. Ta faɗi inda amfanin zai koma in wata rana babu sauran mai wannan sana'a a wurin.

Wurin aiki da ba shi da abin shiga kaya ne ka ɗora wa talakawa. Rufi zai yi yoyo a watan Agusta, indararo zai toshe, a yanke wuta. Ka haɗa shi da abin da ke kawo kuɗi. A ce shaguna 4 ne a bakin titi, kowane jika 40 a wata, jika 160 ke nan. Gyara ake fara cirewa, malamai sun ce ko mai waƙafi ya sharɗanta akasin haka ba a bin sharaɗinsa, don in asali ya rushe babu sauran amfani. Sai ladan mai kula, sai wuta da ruwa, abin da ya rage ya tafi ga abincin yara masu koyo da kayan aiki. A riƙa tara kuɗin yaɓe tun rani, kada a jira hadari ya haɗu.

Sai a bi ta hukuma, wannan kuwa fagenka ne, kada wanzami ya ƙi jarfa. Gida a cikin Yamai ko Tawa, a yi takardar a gaban noter, wato jami'in da ke rubuta takardun yarjejeniya ya tabbatar da su bisa doka, a kuma canza suna a rajistar filaye, don muddin takardar mallaka na ɗauke da sunanka, ita za a ɗauko ranar rabo. Gona ko fili a karkara, hukumomin filaye da ake kira COFO, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta kafa, suna ba da takardar shaidar kyauta. Ƙasarmu tana da Babbar Hukumar Waƙafi, ka je ka ji yadda ake rajista a wurinsu. Takardar malamai da ta hukuma su faɗi magana ɗaya, a yi kwafi 4 aƙalla: na mai kula, na noter, na limamin unguwa, na iyalinka.

Wani zai ce ai na rubuta wasiyya, bayan raina a ba su. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda aka faɗa wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, aka kuma ce masa sulusin ma da yawa. Kuma sai bayan an yi jana'iza an biya bashi ake lissafa ta. A ce bayan jana'iza ka bar miliyan 90, ana bin ka miliyan 15, saura 75, sulusi 25. In gidan masu sana'a ya kai miliyan 40, to 15 na hannun magada, sai sun yarda, kuma ba mai ikon yafe rabon maraya ƙarami. Ƙarshenta a sayar da gidan a ba su kuɗi, wurin aiki ya tafi. Waƙafin da aka yi a ciwon ajali ma hukuncinsa ke nan, daga sulusi yake fita. Mai lafiya ne kaɗai ke da faɗin hannu, lafiya kuwa ba ta yin sallama in za ta tafi.

Kada kuma a gina alheri kan hawayen iyali. A wannan hadisi na Sa'adu aka ce ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su suna roƙon mutane. Da Abu Ɗalha ya kawo gonarsa Bairuha, wadda ya fi so, bayan saukar aya ta 92 ta Ali Imrana, danginsa aka ce ya ba. Ka fara duba gidanka, da ƴan'uwanka mata, da marayun dangi. Sannan ka zaunar da Hajiya da manyan ƴaƴa, ka gaya musu abin da ka yi niyya da dalilinsa, su ji daga bakinka. Yawancin ƙarar da magada ke kaiwa kan waƙafi, tushenta shi ne ba su taɓa jin labarin ba sai ranar da baƙo ya fito da takarda.

Ranar miƙawa ka kira liman, da shaidu 2 adilai waɗanda ba su da rabo a ciki, da mai kula, da shugabannin masu sana'ar. Ku zaga iyakokin gidan da ƙafa. A ƙirga kekuna da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, a rubuta lambar kowane. A kwashe dosiyenka daga ɗakin baya a sa a mota a ranar. A gaya wa masu hayar shaguna, a gaban shaidu, wanda za su riƙa ba kuɗi daga wannan wata. A canza sunan da ke kan takardar wuta da ta ruwa. Ka ciro makullai duka, har da wanda ke cikin aljihun teburinka, ka sa a tafin mai kula kowa na gani, a yi addu'a a shafa. In akwai allon da aka rubuta sunanka a bakin ƙofa kuma zuciyarka na jin daɗin ganinsa, ka sa a sauke. Bayan nan in ka zo wucewa ka yi sallama daga ƙofa, ka jira a ce ka shigo, in ka ga takalmin da ya yi maka ka tambayi kuɗinsa ka biya.

Allah ya karɓa mana da ku.